Kunnen Hiba da Dutsen Bajamushe

Bani Harisa, Madina
11 ga Rajab, 1445

Yaya Kaltuma,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da Nadiya da jikoki. Ya gwiwar taki? Hajiyar da za ta kawo miki wannan ta ce ta gan ki a gidan suna kina dogara sanda. Na ce dole, shekara talatin kina tsaye a kan marasa lafiya. Allah ya ƙara sauƙi. Mu nan alhamdulillahi, sanyi ne kawai ya matsa mana bana.

Na san za ki ce me ya kawo takarda a zamanin waya. Wayata tana hannun Baban Hiba tun bara. In kin kira shi yake ɗauka, ya buɗe murya, ya zauna a gefe. Don Allah kada ki ambaci takardar nan a waya. In za ki ba da amsa ki ba mace, ki ce ta kira lambar da na rubuta a baya. Lambar Uwa ce, wata 'yar Damagaram da ke taya ni aikin gida ranar Alhamis. Mijinta yana aiki a wata gonar dabino a Awali.

Tun da Inna ta rasu ba ni da kowa a dangin uwa sai ke. Kakata da kakarki ne ciki ɗaya, wasu za su ce zumuncin ya yi nisa. Ni dai da na ɗauki biro sunanki ne ya zo mini.

Kin sha tambayata wai aikin me mijin nan nawa yake yi bayan koyarwa a jami'a. Duwatsu yake bi, Yaya. Akwai wani fili a sama tsakanin duniyar Mirrihu da ta Mushtari, cike yake da duwatsu suna ta zagaya rana, wasu kamar gida, wasu kamar gari guda. Ido ba ya ganinsu. Amma wani lokaci ɗaya yakan gifta ta gaban tauraro, sai tauraron ya ɓace sakan ɗaya ko biyu ya dawo. Daga tsawon ɓacewar ake gane girman dutsen. Shi yana da babban madubin hange mai kyamara, a gonar nan ta Awali yake kafa shi. 'Yarki Hiba kuma yakan ajiye ta a can ƙarshen gonar da ƙaramin madubi, da iyafis, ɗan abin sauraron nan, a kunne yana buga mata sakan. In tauraron ya ɓace ta danna maɓalli, in ya dawo ta sake dannawa, sai ya gwada nata da nasa. Tun tana shekara tara yake tayar da ita daga barci don wannan. Yanzu sha shida gare ta.

Satin da ya wuce sun je auna wani dutse, ni ma ina nan. Hiba ta faɗi a gonar, kunnenta na hagu ya yi jini. Mun je asibiti, sun ce dodon kunnen ya fashe, kuma a jira a ga abin da cikin zai yi. Har yau in na yi magana ta wannan gefen ba ta juyowa.

Abin da nake roƙo shi ne, ko za ki karɓi Hiba ta zauna a wurinki a Kano, ta ƙarasa sakandare a can? Ba ta da ɗawainiya. Tana jin Hausa sarai, sai dai da Larabci take mayar da amsa. Ki yi tunani ki gaya mini da wuri.

Ga ɗan dabino, ajwa ne, ki ba yara.

Ƙanwarki,
Lubna

*

Gwammaja, Kano
25 ga Rajab

Lubna 'yar Madina,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso, dabino ma ya iso, amma bai kwana ba, jikokin nan kamar fara suke. Gwiwa da sauƙi, sandar ma ta ƙawa ce. Nadiya na gaishe ki, an sa bikinta bayan ƙaramar salla.

Ke kuwa lafiyarki? Mutane na sayar da gona don su yi kwana takwas a Madina, ke kina neman fito da 'ya daga cikinta ki kawo ta Gwammaja, inda wuta ma sai mun yi addu'a? Na karanta sau biyu, na ce na gane. Yarinya ta girma, ta fara ɗaga kai, an ga wani saurayi a waya, shi ya sa Dakta Abdulƙadir ya tattara wayoyin gidan gaba ɗaya har da taki. Haka ne ko ba haka ba? Ba sai kin ji kunyata ba, ni ma na raini 'yan mata uku, na san lokacin da suke zama kamar an zuba musu yaji. Ba a turo yarinya wata ƙasa don wannan. Watanni kaɗan ne ya wuce.

Kuma ki gode wa Allah da mijin da kika samu. Wane uba ne a nan zai ɗauki 'yarsa mace ya koya mata ilimin taurari? Namu ko sunan makarantar 'ya'yansu ba su sani ba. Jiya na kira, shi ya ɗauka, gaisuwa har da tambayar gwiwata. Ke ma na ji muryarki garau kina cewa lafiya ƙalau. Ban ambaci komai ba, kamar yadda kika ce.

Maganar kunne: kada ki yarda wata ta ce a ɗiga man zaitun ko ruwan albasa. Kada ruwa ya shiga in tana wanka. Dodon kunne yakan haɗe da kansa cikin wata biyu. Sai dai abu ɗaya ya ɗan tsaya mini, a kan me ta faɗi? Na yi shekaru a ɗakin masu ciwon kunne, ban cika ganin faɗuwa ta fasa shi ba tare da ta fasa kai ba. Wataƙila kara ne ya soke ta.

Ga kuka da daddawa. Ki ce wa Hiba ta rubuto mini da Hausa ko layi biyu ne, in ga ko za ta iya.

Yayarki,
Kaltuma

*

Bani Harisa, Madina
14 ga Sha'aban

Yaya,

Gaisuwa. Muna nan da rai. Uwa ta kawo mini takardarki a cikin ƙullin daddawa, na karanta a banɗaki, na yi kuka har na ji haushinki. Daga baya na ga ba laifinki ba ne. Ni ce na rubuta miki ƙarya na zauna ina jira ki gano gaskiya.

Ba faɗuwa ta yi ba. Babu saurayi. Bari in gaya miki yadda aka yi.

Turawan da ke gano duwatsun nan sukan sa musu sunayen mutane. Wanda aka je aunawa ran nan, faɗinsa bai kai daga Kano zuwa Wudil ba, sunan wani Bajamushe gare shi, mai tsara kiɗa, ya mutu kusan shekara ɗari biyu. Hiba kin san ta da bin diddigi. Ta je ta karanto tarihinsa a kwamfutar makaranta, ta zo tana ba ni a kicin muna yanka albasa. Ta ce ubansa mawaƙi ne kuma mashayi. Tun yaron yana ƙarami yake tsayar da shi a gaban abin kiɗan nan fiyano yana kuka, in ya yi kuskure ya doke shi. Yakan dawo daga shaye-shaye ya fizgo shi daga barci ya ce kaɗa. Har shekarunsa ya rage don a ce ɗan baiwa ne. Yaron ya girma ya zama wanda babu kamarsa a ƙasarsu, sai kunnensa ya fara mutuwa tun bai kai talatin ba. A ƙarshe sai dai a rubuta masa magana a littafi. Wai ranar da aka fara kaɗa wani babban kiɗansa yana tsaye a gaba, an gama mutane na ta tafi bai sani ba, sai da wata ta juyo da shi ya gani da idonsa.

Na ce, "Dukan ne ya kurumtar da shi?" Ta ce a'a, ba a san dalili ba. Sai ta ce, "Ummi, shi ma da dare ake tayar da shi." Na ce ta rufe mini baki ta yanka albasa.

Ranar aikin muka isa gonar kafin asuba. Sanyi har cikin ƙashi. Wata uku yana jiran wannan sakan biyun. Yarinya na manne da madubi, daidai lokacin atishawa ta zo mata. Tauraron ya ɓace ya dawo ba ta danna ba. Nasa madubin kuma ganyen dabino ya kare shi, iska ta kaɗo shi. Ya taho da gudu ya tambaye ta, ta ce ba ta gani ba. Ya wanke ta da mari. Wannan ba sabo ba ne, Yaya, shekara bakwai ke nan, da hannu, da bel, da kebur ɗin na'ura. Ni ma ina samun rabona. Da ta yi shiru da a nan ya tsaya.

Ba ta yi shiru ba. Ta dube shi ta ce da Larabci, "Baba, mai sunan dutsen nan, ubansa ba a tuna shi da komai a duniya sai duka."

Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba. Ya buɗe tafinsa ya kai mata a kunnen hagu, kuma iyafis ɗin yana ciki. Na ji ƙarar daga inda nake. Ta zube a kan ramin ban ruwa, ya bi ta da ƙafa, ɗaya a ciki, ɗaya a baya. Na faɗa a kanta, ya finciko ni da mayafina har ya shaƙe ni, ya buga kaina da kututturen dabino. Mijin Uwa ya fito daga ɗakinsa da fitila, ya tsaya daga nesa yana cewa, "Dakta, ka ji tsoron Allah." Ba zai iya matsowa ba, takardunsa a hannun mai gonar suke, mai gonar kuma abokin Dakta ne. Da na ciro iyafis ɗin daga kunnenta jini ya biyo shi, ɗumi, har gwiwar hannuna.

A mota ya koya mana abin da za mu faɗa a asibiti. Muka faɗa.

Jiya likita ya sake dubawa. Dodon kunnen ya fara haɗewa kamar yadda kika ce, amma jijiyar ciki ta tafi. Ya ce a kiyaye na daman kamar ido, shi kaɗai ya rage. Shi kuwa Baban Hiba har ya buga jadawalin wasu duwatsun na bayan salla ya manna a jikin firij, da sunanta a gefe.

Uwa ta ce akwai lambar da ake kira a kai ƙara. Da wace waya? Kuma iƙamarmu, takardar izinin zama, a ƙarƙashinsa take, fasfo ɗinmu a kulle a ofishinsa, bizar fita ma shi kaɗai ke iya yi mana. In aka kore shi a aiki kowa a Madina da Kano zai ce matarsa ce ta tona masa asiri. Na yi ta wannan tunanin shekara bakwai, ga inda ya kawo ni.

Ina jin tsoro, Yaya. Kunne ɗaya ya rage mata, kuma bakinta ya buɗe, ba zai sake rufuwa ba. Ki fitar mini da ita.

Lubna

*

Gwammaja, Kano
3 ga Ramadan

Lubna,

Ina fata kun sha ruwa lafiya. Ni ban sha lafiya ba.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Ni Kaltuma, ni ce na zauna ina yaba wannan azzalumin, har ina ce miki ki gode wa Allah? Tir da bakina. Ki yafe mini. Shi kuma Abdulƙadir, Allah ya isa tsakaninmu da shi. Matsoraci, ƙaton banza, mai digiri uku da hankalin jaki. Yana leƙen dutsen da ke can inda ko tsuntsu bai kai ba, bai ga jinin 'yarsa a ƙafarsa ba. A garin Manzo! Wallahi da a gabana ya yi, da sandar nan zan karya masa hannun, gwiwa ko ba gwiwa.

To, kuka ya isa, ga abin da za a yi. Bikin Nadiya ran ashirin ga Shawwal ne. Zan kira shi da kaina, in yi masa ladabi kamar ban san komai ba, in ce ba a ɗaura auren nan sai ke kin zo, ke ce uwar amarya, Hiba kuma babbar ƙawa. Zan sa tsofaffin danginsa na Fagge su ma su kira shi. Mutum ne mai son a ce masa na kirki, ba zai iya cewa a'a a gaban mutane ba. Ke kada ki nuna ɗoki. Ki ma ce ba kya son zuwa. Ki ɗauki kayan sati biyu kawai, amma takardun makarantar Hiba da na asibiti ki ɗinke su a cikin filo ko rigar sanyi. Da zarar ƙafarku ta taka Kano, an gama. Fasfo a hannuna zai kwana. In yana da ƙarfin hali ya zo Gwammaja ya karɓa, ina nan a ƙofar gida.

Kafin nan ki san yadda za ki hana shi fita da ita gonar. Ki ce jiri take yi, ba ƙarya ba ne ma.

Wannan zan ba Hajiya Safiyyatu maƙwabciyata, za su yi Umrar azumi ita da mijinta Alhaji Ɗan'inna. Mace ce mai riƙon amana. Na ba ta lambar Uwa.

Ki riƙe zuciyarki. Saura sati bakwai.

Kaltuma

*

Gwammaja, Kano
6 ga Zulƙida

Lubna, don girman Allah kina raye?

Ban ma san ta inda zan fara gaisuwa ba. Na kira shi a azumi kamar yadda na ce, ya saurare ni har ƙarshe, ya ce, "Insha Allahu, Hajiya, za mu duba." Muryarsa lafiya lau. Daga ranar lambar ba ta sake shiga ba. An yi biki an watse ina kallon ƙofa. Lambar Uwa tana ƙara ba a ɗauka.

Sai da su Hajiya Safiyyatu suka dawo na je yi musu barka, na ce, kin ga Uwa? Ta ce wace Uwa? Wai ƙafafunta ne suka kumbura a Madina, ga cunkoson azumi, sai ta ba Alhaji saƙon ya kai. Shi kuma ya ce ba zai kira wata mace a waya ba, kuma ba a kai wa matar mutum saƙo ta bayan mijinta, ba tarbiyya ba ce. Ya yi cigiya a cikin 'yan Najeriya, aka haɗa shi da Dakta a Harami bayan la'asar, ya damƙa masa hannu da hannu. Har yana ba ni labarin yadda Dakta ya kai su cin abinci.

Ba zan ɗora musu laifi ba. Ranar da na ba Hajiya Safiyyatu ta tambaye ni mene ne a ciki, na ce gaisuwa ce kawai da ɗan yaji. Na rufa miki asiri, wai kada maganar gidanki ta zaga unguwa. Da na faɗa mata kalma ɗaya da ko da rarrafe ta kai da kanta.

An rufe Umra, sai yanzu da alhazai suka fara tashi na sami wadda zan ba. Wannan karon na gaya mata komai. Ki aiko mini ko da kalma ɗaya ce.

Kaltuma

*

Madina
9 ga Muharram, 1446

Yaya Kaltuma,

Assalamu alaikum. Ina raye. Wadda ta miƙo miki wannan takardar 'yarki ce Hibatullahi, ki dube ta da kyau, ta fi ni tsawo. Ki karanta ke kaɗai, kada ta gani. Takardarki ta Zulƙida ta same ni, ita ce ta ƙarshe da Uwa ta iya shigo da ita. Kada ki ci kanki, Yaya. Ni ma rufin asirin ne ya kawo ni nan.

Ya karɓi takardarki a tsakiyar azumi bai ce uffan ba. Muka yi ta buɗa baki tare, yana miƙo mini dabino da hannunsa. Ya yi mana kayan salla. Na ɗauka saƙonki bai zo ba ne.

Ran sha biyu ga Shawwal ya ce mu shirya, akwai dutse bayan isha'i. Na ce Hiba na jiri, ya ce ta yi a can. Muka je. Ya kafa nasa madubin ya saita kyamara. Ya kai ta ƙarshen gonar, ya zaunar da ita, ya sa mata iyafis a kunnen dama, mai jin, ya ce in ta ɗaga ido daga madubin kafin tauraron ya ɓace sai ya kashe ta. Ta ba mu baya. Sai ya dawo inda nake, ya ciro takarda daga aljihu, na ga rubutunki.

Da ƙarfi ya karanta, a tsanake, kamar yana aji. In ya zo kan zagi sai ya tsaya. "Azzalumi," ya zuba mini kebur a fuska. "Matsoraci," ya sake. "Hankalin jaki," wannan da dunƙulen hannu ne, haƙorana biyu suka fita. Na yi ta kiran sunanta, ba don ta cece ni ba, so nake ta gudu. Ba ta ji ba. Kunne ɗaya ya mutu, ɗayan yana cike da bugun sakan. Taku talatin ne tsakaninmu, ina ganin bayanta, ko motsi ba ta yi. Da ya zo inda kika ce a ɗinke takardu a filo ya jefar da takardar, ya durƙusa a kan ƙirjina, ya sa hannu biyu a wuyana. Na ga fitilun Harami can nesa sun fara haɗewa wuri ɗaya. Na yi shahada.

Ashe a lokacin tauraron ya ɓace ya dawo, ta danna duka biyun daidai. Ta cire iyafis ta juyo da murna za ta gaya masa.

Akwai wani dunƙulen ƙarfe da ake ratayawa a jikin babban madubin don ya daidaita nauyi, ya kai kilo biyar, akwai na ajiya a cikin akwati. Ban ga lokacin da ta ɗauka ba. Na dai ji wani sauti kamar an fasa kwakwa, hannuwan suka saki wuyana, jininsa ya zubo mini a baki. Ya faɗi gefe yana ƙoƙarin tashi, ta sake sauke masa a muƙamuƙi. Ta ɗaga na uku na riƙe ƙafarta. Ba ta yi kuka ba, ba ta yi ihu ba. Mijin Uwa ne ya ɓamɓare ƙarfen daga hannunta, yatsa bayan yatsa.

Kwana ashirin da shida ya yi a asibiti. Muƙamuƙi ya karye, an ɗaure da waya, hannunsa na dama ba ya ɗaguwa sosai, magana sai a hankali. Da 'yan sanda suka zo ya rubuta musu cewa madubin ne ya kife a kanmu ni da shi. Sun dube ni sun daɗe, na ce haka ne.

Ita kuwa ta daina cin abinci. Wata rana ina yi mata kitso ta ce ashe ba ta ƙarasa mini tarihin Bajamushen nan ba. Da ya girma ya ƙwace ɗan ƙaninsa daga hannun uwarsa a kotu, ya matsa masa, ya hana shi sakat, har yaron ya harbi kansa a ka, Allah ya sa bai mutu ba. Ta ce, "Ummi, wanda aka daka shi ma daka yake yi. Da ba ki riƙe ni ba da na ƙarasa shi, kuma wallahi a lokacin daɗi nake ji." Wannan maganar na bar miki, ke kin fi ni baki.

Da ya dawo gida ba ya yarda su haɗu a ɗaki ɗaya. In ya ji tafiyarta sai ya kulle ƙofa. Ran nan ya kira ni ya rubuta a takarda, don maganar tana yi masa wuya. Ya ce zai yi mata bizar fita, ta tafi ba dawowa, ba ya son sake ganinta. Ni kuma ina nan, in yi jinyarsa, in ba shi abinci a baki. Ranar da na nemi tafiya, ko na kai ƙara, zai koma wurin 'yan sanda ya gyara maganarsa, kuma kyamarar madubin ta ɗauki sautin komai, ya ajiye inda ban sani ba. Zai yanke farkon ya kai musu ƙarshen. Ban san ko doka za ta iya dawo da ita daga Kano ba. Ba zan gwada da 'yata ba. Na ce na yarda.

Gobe za ta tashi. Jibi mu kuma za mu koma wani gida a Khalidiyya, ban san lambarsa ba. Ya hana Uwa zuwa, mai gonar kuma ya mayar da mijinta wata gona a wajen gari.

Na gaya wa Hiba zan biyo ta bayan sati biyu, in jikinsa ya yi ƙwari. Da ta san gaskiya ba za ta hau jirgin ba. Ke za ki san lokacin da ya dace. Ba ta cin yaji sosai. Tana tsoron ƙadangare.

Na ba ki ita duniya da lahira.

Lubna

*

Gwammaja, Kano
2 ga Safar

Lubna ƙanwata,

Assalamu alaikum. Muna lafiya. Hiba ta iso lafiya, Nadiya da mijinta suka ɗauko ta. Ta fara cin tuwo, miyar kuka ce ba ta so. An kai ta wurin wani likita da muka yi aiki tare, ya ce na daman lafiyarsa ƙalau. Makaranta ma an samu, za ta fara da sabon zango. Hausarta ta fara fitowa, jiya har ta yi ciniki da mai kayan miya ta ci shi.

Sati biyun sun cika tun kwana takwas da suka wuce. Ta share ɗakin baya da kanta, ta shimfiɗa miki sabon zanin gado, ta sa turaren wuta. Duk jirgin da ya wuce ta saman gidan nan sai ta fito tsakar gida. Kullum da safe tana tambayata ko kin kira, ni kuma ina cewa layin ne ba kyau. Ni da ba a taɓa rufe mini baki ba a unguwar nan, yarinya 'yar sha shida ta sa ina kallon ƙasa.

Yau da la'asar ta same ni ina wannan rubutun. Ta zauna a gabana, ta ce, "Inna Kaltuma, wa za ki ba ya kai?" Na buɗe baki na rasa suna ko ɗaya. Ba Uwa, ba lambar gida, ba waya. Sannan ta ce, "Ba za ta zo ba ko?"

Na ce mata eh, ba za ki zo ba. Na gaya mata dalili, duka, ban rage komai ba. Ki yafe mini in na yi sauri.

Tana ɗakin bayan yanzu, a kan gadon da ta gyara miki. Ta kulle ƙofa. Na ajiye mata abinci a bakin ƙofar, na jawo kujera na zauna. Ina jin numfashinta ta ƙasan ƙofar, kuma ba inda za ni.

Yayarki,
Kaltuma